Kyamarar tsaro ta ƙofar gida a Kano: mai faɗin gani, mai sola ko mai layi?

Kwana biyu kafin babbar sallar bara aka kwance wa yayana rago a ƙofar gidansa da ke Rijiyar Zaki. Yana da kyamara a saman get, irin wadda mai shago ya yaba masa da cewa ita kaɗai ta isa ta kama layin gaba ɗaya. Ta kuwa kama. Da muka buɗe bidiyon da safe, ga layin nan tun daga masallacin kwana har shagon mai caji, ga mutum biyu a kan babur wajen ƙarfe uku na dare, ɗaya ya sauka ya yanke igiya. Amma da aka zuƙo fuskarsa sai ta narke, ta koma wani dunƙule mai ruwan toka. Mai unguwa ya kalla, 'yan sintiri suka kalla, kowa da wanda yake zato, zato kuwa ba a kama mutum da shi. Yaya ya dube ni ya ce, "Ƙanina, ni fa don in gane mutum na sa kuɗina, ba don in ga layi ba."

Tun daga ranar na shiga bin diddigin waɗannan kyamarori. Na canja tasa, na canja tawa, na kuma raka 'yan uwa da abokai kasuwa. Abin da na fahimta shi ne, faɗin ganin nan da ake tallata mana shi ne tambaya ta uku ga mai gida a Kano. Ta farko ita ce wuta: me zai riƙe kyamarar idan aka ɗauke? Ta biyu ita ce tazara: mita nawa ne tsakanin idon kyamarar da inda mutum zai tsaya? Duk da haka da faɗin zan fara, tunda shi ke jan mutane zuwa shago.

A jikin kwali za ka ga an rubuta digiri 110, ko 130, ko 150, wasu har 180. Abin da ba a rubutawa da manyan baƙi shi ne kowace kyamara tana da adadin ɗigon hoto da ba ya ƙaruwa. Mai 1080p tana da ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye, wato megafiksel 2, ɗigo wajen miliyan biyu ke nan. Wadda ake kira 2K iri biyu ce: akwai mai 2304 da 1296, megafiksel 3, akwai mai 2560 da 1440, megafiksel 4, duka sunansu ɗaya a kwali, sai ka duba da kyau. Mai 4K kuwa tana da 3840 da 2160, megafiksel 8. Waɗannan ɗigon kamar ludayin miya guda ne. A kan malmala ɗaya ya wadatar, amma idan aka ce ya zagaye babban tire, sai dai shafe. Duk yadda idon kyamara ya ƙara faɗi, rabon da fuskar mutum za ta samu raguwa yake yi.

Masu wannan sana'a suna da ma'aunin da suka daɗe suna aiki da shi, suna taƙaita shi da DORI, kuma kamfanonin kirki kan rubuta shi a takardar bayanin kyamara. Don ka san cewa akwai mutum a wuri, ɗigo 25 a kowace mita ya isa. Don ka shaida wanda ka riga ka sani, ɗan maƙwabci ko maigadin layi, sai 125. Don a tantance baƙon da ba a taɓa gani ba, har a nuna wa hukuma fuskarsa, sai 250. Idan ka ɗauki kyamara mai ido milimita 2.8 (awon gilashin idon ke nan, ƙaramar lamba ta fi faɗin gani), wanda ke ba da wajen digiri 100 zuwa 110 a kwance, to mai megafiksel 2 tana tantance baƙo ne a tazarar da ba ta wuce mita 4 ba. Mai megafiksel 4 ta kai wajen mita 6, mai 8 ta kai wajen mita 8. Wannan da rana ne fa, cikin haske, mutum kuma bai rufe fuska ba. Kyamarar yayana megafiksel 2 ce, ragon kuma yana ɗaure a jikin bishiyar darbejiya mita 9 daga get. Tun kafin ɓarawo ya zo lissafin ya riga ya ɓaci.

Ido mai milimita 4 yana rage faɗin zuwa wajen digiri 80 da 'yan kai, amma yana jawo mutum kusa. Mai milimita 6 ya fi matsewa, wajen digiri 50 da ɗoriya, shi ne na dogon lungu. Wanda ke zaune cikin gari, Yakasai ko Gwale ko Mandawari, inda lungu bai fi faɗin adaidaita sahu ba, me zai yi da digiri 150? Rabin hotonsa bangon maƙwabci ne, kuma da dare bangon nan zai dawo da hasken kyamarar ya dusashe tsakiyar lungun da ake son gani. Mai faɗi ta dace da harabar gida, wurin ajiye motoci, ko fuskar gidan da ke kan babban layi a sababbin unguwanni irin su Danbare da Hotoro da Tudun Yola.

Akwai kuma wata dabara ta 'yan talla. Yawancin lambobin da ke kan kwali awon kusurwa zuwa kusurwa ne, ba hagu zuwa dama ba. Wadda aka rubuta wa 130 za ka tarar faɗinta na gaskiya a kwance wajen 110 ne. Ka nemi awon kwance a takardar ciki.

To idan da gaske kana buƙatar ganin gaban gida daga wannan kwana zuwa waccan fa? Hanyoyi uku ake da su, kuma ba darajarsu ɗaya ba. Akwai mai ido ɗaya da aka buɗe shi sosai, irin wanda ake kira idon kifi, har da waɗanda ake ɗaurawa a mazaunin ƙwan fitila. Waɗannan suna lanƙwasa hoto, mutumin da ke gefe ya zama siriri kamar kara, kuma na ƙwan fitilar yawancinsu ba a yi su don ruwa da ƙura ba. Ban ba kowa shawarar sa su a waje ba. Akwai mai juya kai, wadda kake murzawa daga wayarka ta kalli hagu ko dama, irin Tapo C520WS ko EZVIZ H8c ko Imou Cruiser. A kwali za a ce digiri 360, amma fa a kowane lokaci wuri ɗaya take kallo. Idan ta bi mai tallar da ke wucewa ta yamma, ƙofar gabas a buɗe take. Taura biyu ba ta taunuwa. Tana da amfani ga mai son leƙa harabarsa daga kasuwa ko ofis, amma kada ta zama ita kaɗai ce mai gadin ƙofa.

Ta uku ita ce mai ido biyu da ke ɗinke hotuna biyu su zama ɗaya mai digiri 180. Reolink Duo 2 misali ce, tana ba da ɗigo 4608 a kwance, sai Argus 4 Pro mai batir da ke ba da 5120. Nan an ƙara faɗi an kuma ƙara miya, shi ya sa hotonsu ke da ma'ana. Rauninsu shi ne hoton dogo ne siriri, ba shi da tsayi sosai, don haka wanda ya manne da bango daidai ƙarƙashinta yana iya ɓacewa. Eufy ta bi wata hanyar a SoloCam S340: ido ɗaya mai faɗi, ɗaya mai zuƙowa, a kan kai mai juyawa. A ra'ayina, idan kuɗin mai ido biyu ya yi maka nauyi, kyamarori biyu masu megafiksel 4 da ke kallon juna daga kusurwoyin katanga sun fi guda ɗaya mai faɗi komai tsadarta, domin kowacce tana gadin 'yar uwarta. Wanda ya zo cire ɗaya, ɗayar ta ɗauke shi.

Wuta, wadda ita ce uwar magana

Kalmar "marar waya" abu biyu take nufi, kuma a nan ake yawan rikicewa a shago. Wata kyamarar hotonta ne kawai ke tafiya ta waifai, amma tana buƙatar wayar wuta zuwa soket. Wata kuma ba ta da waya ko ɗaya, batir ne a cikinta. Halinsu ya bambanta ƙwarai.

Mai shan wutar soket, irin Tapo C320WS ko Reolink Duo 2, idonta biyu dare da rana. Tana iya ɗaukar bidiyo awa 24 ba yankewa, don haka za ka ga wanda ya zo ya yi leƙen asiri da la'asar kafin ya dawo da dare. Ba ta da batirin da zafi zai kashe, kuma ta fi araha idan aka kwatanta ingancin hoto. Amma da an ɗauke wuta ta mutu, ita da rautar da ke ba ta waifai. A garin da wuta ke tafiya ba sallama, ɓarawo kuma ya fi son duhu, wannan ba ƙaramin aibi ba ne. Idan kana da inbata da sola a gida, magana ta ƙare, ita za ka saya, ka tabbatar mai haɗa wuta ya ɗora ta a layin inbata tare da rauta. Idan ba ka da shi, lissafin ba mai tsoratarwa ba ne. Irin wannan kyamara volt 9 ko 12 take sha, kuma abin da take ci bai cika wuce wat 5 zuwa 10 ba. Wat 5 a awa 24 ya zama 120 ke nan a awon wat-awa, batirin nan ƙarami mai volt 12 da amfiya 7 kuwa 84 yake ɗauka. Ka ga shi kaɗai ba zai yi kwana guda ba, balle a haɗa masa rauta. Ƙananan akwatunan ajiyar wuta da ake sayarwa don rauta suna riƙe 'yan awanni ne, suna cike giɓin tsakanin ɗauke wuta da tayar da janareta, ba su raba dare. Mai son kyamara biyu da rauta su kwana a kunne sai ya tanadi batir mai ɗan girma da farantin sola nasu na kansu.

Mai batir kuwa barci take yi. Akwai wata 'yar na'ura a goshinta mai jin ɗumin jiki, za ka ga an rubuta PIR, ita ke tashinta idan mutum ya gifta. Daga nan ta ɗauki 'yan daƙiƙu ta koma barci. Da haka batirin ke daɗewa, kuma da haka take rasa abubuwa. Tashin nata yana cin daƙiƙa ɗaya ko biyu, mai babur da ya wuce da gudu sai dai ka ga ƙeyarsa. Na'urar ta fi jin wanda ya ratsa ta gabanta daga gefe zuwa gefe fiye da wanda ya miƙo kai tsaye, kuma iyakarta wajen mita 7 zuwa 10 ne, ko da idon kyamarar yana hango nesa da haka.

Sai wani abu da ya shafe mu musamman. Na'urar nan bambancin ɗumi take ji tsakanin jikin mutum da abin da ke bayansa. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Kano ke kai digiri 40 ko ya wuce, katangar bulo da ta sha rana takan yi ɗumi daidai da jikin mutum har bayan magariba. A irin wannan lokaci jin nata yana raguwa. Na gwada da kaina a bazarar da ta wuce: da tsakar rana na ratsa gaban tawa sau biyar, sau uku ta farka. Da asuba kuwa ko kyanwa ba ta wuce ta. Batirin ma ba ya son wannan zafi. Da yawa daga cikinsu an rubuta iyakar zafin aikinsu digiri 45 ko 50, baƙin roba a cikin rana kuwa ya fi iskar da ke kewaye da shi zafi nesa ba kusa ba. Ka zaɓi fara, ka sa ta a inuwar rufin get ko ƙarƙashin baranda, farantin solar ne kawai zai fita rana. Saboda haka wadda farantinta ke da doguwar waya ta fi wadda aka manne mata shi a ka.

Alƙawarin "wata shida ba caji" da ake rubutawa an gina shi ne a kan gidan da ba a cika wucewa ta gabansa ba. Layinmu ba haka yake ba. Yara 'yan makaranta, masu ruwa da kurarsu, almajirai, awaki, masu jari-bola, kowa sai ya tashe ta. A layi mai jama'a batirin da aka ce zai yi watanni yana iya ƙarewa a makonni. Don haka a Kano mai batir ba tare da sola ba wahala ce kawai, kullum kana kan tsani. Farantin nasu ƙarami ne, wat 3 zuwa 6, kuma ya wadatar idan yana da tsabta. Ka karkata shi kaɗan yana kallon kudu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin hazo, ƙura tana rufe shi cikin 'yan kwanaki, ga rana ma ta dusashe. Sai an riƙa goge shi da jiƙaƙƙen tsumma duk mako, don haka kada a kafa shi inda hannu ba ya kaiwa.

Wadda ta fi jan hankalin mutane yanzu ita ce mai layi, wato mai 4G da ake sa wa sim, haɗe da sola. Ba ruwanta da wutar gida, ba ruwanta da rauta. Ga mai kangon da ake ginawa, ko gidan gona a hanyar Gwarzo ko ta Wudil, ko gidan da masu shi ke tafiya su bar shi a kulle, babu kamarta. Reolink tana da jerin Go, EZVIZ tana da EB8, Eufy ma tana da tata, sannan ga tarin marasa suna masu aiki da manhajoji irin su UBox da V380 Pro. Abu uku za ka kula da su. Ka je wurin da wayarka ka ga wane layi ne ke da ƙarfi a daidai inda za a kafa ta, MTN ne ko Airtel ko Glo, domin sabis yakan bambanta daga wannan kwana zuwa waccan. Ka guji wadda aka yi don kasuwar Amurka, domin zangon 4G ɗinsu daban ne da irin su 3 da 7 da 20 da ake amfani da su a nan. A sa sim ɗinka a shago ka ga ta hau kafin ka biya. Sannan data. Kallon kai tsaye a gudun megabit 1 yana cin wajen megabait 450 a awa guda. Idan kai da uwargida da babban ɗanka kowa yana leƙawa daga wayarsa, datar wata ba za ta ga ƙarshen wata ba, ranar da ta ƙare kuma kyamarar ta daina kiran ka.

Waifai ɗin kansa yana da nasa hali. Zango biyu yake da shi, 2.4 da 5. Na 2.4 ya fi na 5 ratsa bango da kai wa nesa, kuma yawancin kyamarorin shi suke amfani da shi. Gidajenmu bulo ne da dekin mai rodi da get na ƙarfe, duk masu cinye sigina. Kafin ka huda bango, ka tsaya da wayarka a inda kyamarar za ta zauna, a rufe ƙofofi, ka ga ko bidiyo yana tafiya lafiya.

Dare, ƙura da inda bidiyon ke kwana

Ganin dare iri biyu ne. Akwai hasken infared da idon mutum ba ya gani, hotonsa fari da baƙi ne, ba ya tona inda kyamarar take sai ɗan jan da ke lumshewa a fitilunta. Akwai kuma farar fitila da ke kunnuwa ta ba da hoto mai launi. Launi yana da daraja wurin bincike, domin "jar riga da baƙin babur" bayani ne da ɗan sintiri zai yi aiki da shi, kuma fitilar da ta haska mutum ba zato takan sa ya ɗago kai ya kalle ta. Amma tana cin batir. Abin da ya fi mini duka shi ne fitilar sola daban a ƙofar gida, tana haska wurin daga gefe. Da ita kyamara mai matsakaicin kuɗi ma sai ta ba da hoto mai kyau. A lokacin hazo, infared yana haska ƙurar da ke yawo dab da ido, hoton ya cika da fararen ɗigo. Da farkon damina kuma shinge da sauran ƙwari ke taruwa, gizo-gizo ya biyo su ya yi saƙa a fuskar kyamarar, wayarka ta yi ta ƙara har ka gaji ka kashe sanarwar. Wannan ne amfanin kyamarar da ke bambance mutum da mota da dabba: ka saita ta kira ka idan mutum ne kawai.

Lambar IP, wadda ke nuna yadda kyamara ke jure ƙura da ruwa, ba ta da wuya. Lamba ta farko ta ƙura ce, 6 na nufin ƙura ba ta shiga sam, ita muke so. Ta biyu ta ruwa ce: 5 tana jure feshi, 6 feshi mai ƙarfi, 7 har nutsewa na ɗan lokaci. IP65 ta isa a ƙarƙashin rumfa, IP66 ta fi kwanciyar hankali ga wadda ruwan Agusta zai doka kai tsaye. Inda ruwa ya fi shiga ma ba jikin kyamarar ba ne, mahaɗar wayar wuta ce da murfin katin memori, a rufe su da kyau.

Wurin ajiyar bidiyo kuwa, nan ne wasu manyan sunaye suka faɗi a wurina. Ring, wadda Amazon ta saya a 2018, ba ta ajiye maka bidiyo sai kana biyan kuɗin wata. Arlo tana da faɗin gani mai kyau, digiri 160 a jerin Pro da 180 a Ultra bisa awon kusurwa, amma ita ma yawancin amfaninta a ɗaure yake da biyan wata. An yi su ne don ƙasar da intanet ɗin gida ba ya yankewa kuma ba a auna shi. Mu da za mu biya da kuɗin waje, mu kuma ƙona data wurin tura kowane bidiyo, ba su dace da mu ba. Tapo, EZVIZ ta kamfanin Hikvision, Imou ta Dahua, da Reolink duk suna karɓar katin memori kuma suna aiki ba tare da biyan wata ba. Eufy S340 tana da gigabait 8 a cikinta. Kati mai gigabait 128 yana ɗaukar wajen kwana 6 na bidiyo marar yankewa a gudun megabit 2, kafin sabo ya fara hawa kan tsoho. Ka sayi katin da aka yi don yawan rubutu, irin SanDisk High Endurance ko Samsung PRO Endurance, daga wurin wanda ka amince da shi, domin jabun kati ya yi yawa: a waya ya nuna 128, a aiki ya cika tun bai kai ko'ina ba, kuma ba za ka sani ba sai ranar da kake neman bidiyo. Raunin kati ɗaya ne, wanda ya cire kyamara ya tafi da shaida. Shi ya sa ban son masu mazaunin maganaɗisu, irin Tapo C425, a wajen katanga, duk da kyan hotonta da faɗinta na digiri 150. A cikin haraba ta yi, a waje kuwa sai mai kusoshi, in da hali a yi mata kejin ƙarfe wurin mai walda.

Marasa sunan nan masu araha fa? Ba zan ce duka banza ba ne, wasu suna aiki shekara da shekaru. Amma lambobinsu ba abin dogaro ba ne, za a rubuta 4K a kwali alhali hoton na megafiksel 2 ne da aka buɗa. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Ka ce wa mai shago, "Maigida, a kunna mini ita," ka tura yaron shago ya tsaya mita 6 riƙe da takarda mai rubutu, ka ɗauka, ka zuƙo. A Farm Centre ko Beirut Road ko Sabon Gari, ɗan kasuwar da ya yarda da kayansa ba zai ƙi ba. Ka duba kuma ko agogonta yana komawa daidai bayan an kashe an kunna. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya buɗe ƙofar karɓar shaidar na'ura a kotu, amma bidiyon da kwanan watansa ya rikice yana raunana maganarka.

Akwai maganar da ta fi duk waɗannan nauyi a zuciyata. Ido mai faɗi ba ya tsayawa a iyakar filinka. Idan aka kafa shi a saman bene yana iya faɗawa tsakar gidan maƙwabci, inda iyalinsa ke girki da wanki ba mayafi. Wannan ba tsaro ba ne, leƙe ne, kuma aya ta 12 a Suratul Hujurat ta hana bin diddigin sirrin mutane. Kyamarorin kirki suna da wurin da za ka zana baƙin akwati a kan ɓangaren da ba ka son a ɗauka. Ka yi amfani da shi, ka kira maƙwabcin ka nuna masa hoton a wayarka ya gani da idonsa. Naka iyalin ma haka. Ni ban yarda a juya kyamara mai hawa intanet tana kallon tsakar gida ko ƙofar ɗakunan mata ba. A 2023 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta sa Ring biyan dala miliyan 5.8 bisa zargin cewa ma'aikata sun samu damar kallon bidiyon masu saye. A 2016 kuma wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta mamaye ɗimbin kyamarori da rautoci ta hanyar kalmar sirrin da suka fito da ita daga masana'anta. Idan mai sakawa ya gama aiki, asusun ya zama da lambarka ko imel ɗinka ne, ba nasa ba, ka canja kalmar sirri a gabansa, ka duba jerin waɗanda aka raba wa kallo ka goge wanda ba ka sani ba.

Da za ka tambaye ni kai tsaye, ga yadda zan raba. Gida mai inbata: mai shan wutar soket, megafiksel 4 ko sama, mai ɗauka awa 24, kuma idan gaban gidan yana da faɗi a sa mai ido biyu a sama. Gidan da ba inbata amma akwai rauta mai batir: mai batir da sola, a sa ta ta kalli hanya a karkace don mutum ya ratsa ta gabanta. Kango da gona: mai layi da sola, daga kamfanin da ke da suna. Gidan cikin lungu: manta da faɗi, nemi ido mai milimita 4 ko 6 ka miƙa shi tsawon lungun.

Kowanne ka zaɓa, tsayin kafawa ya zama mita 2.5 zuwa 3. Sama da haka hula da rawani kawai za ka riƙa gani. Kada ta fuskanci gabas ko yamma kai tsaye idan da yadda za a yi, domin ranar safe ko ta la'asar za ta mai da mai shigowa inuwa. A gidan yaya yanzu biyu ne: mai ido biyu a saman get tana kallon layi, da ƙarama mai milimita 4 a gefen ƙaramar ƙofa, ƙasa-ƙasa, daidai inda duk mai shiga ko mai taɓa kwaɗo zai tsaya mita 2 daga gare ta. Ragon bana kuma a cikin haraba aka ɗaure shi, kusa da tankin ruwa.